Abin da ya kamata ku sani game da ɗaukaka ƙara idan an haɗa mutane da yawa a shari'ar kisa

Dokar laifuffuka ta Kamaru ta 2016 ba ta sassauta wa ɗan rakiya. Sashe na 98 ya ce wanda ya ba da makami, ko ya zuga, ko ya taimaka, hukuncinsa ɗaya da na wanda ya yi kisan da hannunsa: ɗaurin rai da rai, ko hukuncin kisa idan shirya abin aka yi tun farko. Rabon Kamaru da zartar da hukuncin kisa tun 1997, amma kotuna na ci gaba da yanke shi.

Duk da haka, kotu na auna rawar kowa daban. A shari'ar kashe mata biyu da yara biyu a Zelevet, kotun soja ta Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma a watan Satumban 2020, ta ba ɗaya shekara biyu, ta sallami biyu.

Idan babbar kotun Binuwai ce ta yanke hukunci, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yankin Arewa da ke Garwa ake nufa; mutanen Marwa da Ngawundare na da tasu. Wa'adin kwana 10 ne kacal, daga washegarin hukunci, sai kuma kwana 15 na miƙa hujjoji a rubuce. A nan iyalai kan yi asara: suna ta taron dangi da neman kuɗin lauya, lokaci na wucewa, alhali fursuna na iya miƙa takardarsa ta hannun shugaban gidan yari. Kowa ya shigar da tasa, kada ya jingina da ta abokin tuhuma.

Hujjar da ta fi nauyi, a ganina, tana sashe na 311 na dokar tsarin shari'ar laifi ta 2005. Kotu ba za ta kafa hukunci kan maganar abokin tuhuma ba, sai wani da ba ya cikin shari'ar ya gaskata ta, ko wata shaida dabam ta mara mata baya. Mai neman ceton wuyansa ba abin da ba zai faɗa ba. Don haka lauya ya bi kundin shari'ar shafi-shafi: in an cire “wane ya ce tare muke”, me ya rage?

Kotun Ɗaukaka Ƙara ba za ta ƙara wa mutum hukunci ba muddin shi kaɗai ya ɗaukaka. Idan mai gabatar da ƙara ma ya ɗaukaka, wannan kariya ta kau. Bayan Garwa, sai Kotun Ƙoli a Yawunde, wadda ke duba ko an bi doka daidai.