Uwargida, Idan Maigida Ya Yi Ritaya Fa?

Yau zancenmu a kan wata rana ne wadda kowace matar ma'aikaci ta san tana tafe, amma ba a son ambatonta, watau ranar da maigida zai ajiye aiki. Kin saba da ƙarfe bakwai da rabi ya sa hula ya fita, ke kuma ki shiga shara da wanke-wanke. To, wata safiyar Litinin za ki waiwaya ki gan shi zaune bisa tabarma, rediyo a kunne, ba shi da inda za shi.

Ranar nan ba ɓoyayyiya ba ce. A ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, ma'aikaci kan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da sakandare kuwa, dokar 2022 ta ba su shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki, sai dai kowace jiha da yadda ta ɗauke ta. Iyayenmu ba su manta da 1975 ba, zamanin Janar Murtala Muhammed, lokacin da aka sallami dubban ma'aikata farat ɗaya, waɗansu ma a rediyo suka ji sunansu. Su ba su sami damar shiri ba. Ke kuwa kina iya ƙirga shekarun da yatsunki.

Bari mu fara da kuɗi, tun da shi ke fara tā da ƙura. Tun 2004 aka canza tsarin fansho, yawancin ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni kowa yana da asusun kansa. Bisa dokar 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, wurin aikinsa ya ƙara kashi 10, a tara masa. In ya yi ritaya sai a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa ba shi wata-wata, ko dai daga kamfanin fanshon, ko daga kamfanin inshora wanda zai biya shi muddin rai. Waɗansu jihohi suna da nasu tsarin dabam. Ko wanne ne dai, ki san abu biyu: abin da zai riƙa shigowa bai kai albashi ba, kuma tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan yi watanni ana jira. Tukunya kuwa ba ta san jira ba. Saboda haka tun da sauran shekara biyu ko uku ki fara tanadi, ko da adashi ne, ko tunkiya biyu a bayan gida, ko buhun gero da kaka.

Ki kuma lallaɓa shi ya tattara takardunsa wuri ɗaya: takardar ɗaukarsa aiki ta farko, da shaidar haihuwa, da takardun ƙarin girma, da lambar asusun fansho. Ki sa su a leda, ki adana a adaka. Takarda guda in ta ɓata tana iya sa dattijo ya yi ta zirga-zirga ofis ofis har takalminsa ya ƙare.

Sai ranar da dunƙulallen kuɗin ya shigo. Wayyo, ranar nan dangi kan yi yawa! Wannan zai aurar da 'ya, wancan rufinsa ya yaye, ga kuma aboki da labarin motar haya wadda wai za ta mai da kuɗinta cikin shekara guda. Mutumin da ya yi shekara 35 yana riƙe da alƙalami bai san halin direba da bakanike ba. Wani kuma aure zai ƙaro. Ban ce haramun ne ba, amma a auna, don kuɗin nan sau ɗaya ake ba da shi. A ganina, in gidan haya kuke ko gidan gwamnati, to muhalli ne farko, kome ya biyo baya. Kada ki faɗa masa haka gaban mutane. Ki bari sai bayan lisha, ya ci ya sha, sa'an nan ki kawo maganar a matsayin shawara.

Amma fa abin da ya fi ci wa maigida rai ba kuɗin ba ne. Jiya ana ce masa ranka ya daɗe, masinja na ɗaukar masa jaka, ƙofar gida cike da masu gaisuwa. Yau ƙofar ta yi tsit, wayarsa ma ta daina ƙara. Shi ya sa za ki ga ya fara faɗa a kan abin da bai taɓa kulawa da shi ba. Zai tambayi mudu nawa aka auna, ina sauran man gyaɗan jiya, don me yara suka bar fitila a kunne. Ba rowa ce ta same shi ba, ya rasa waɗanda zai shugabanta ne, sai ku.

A nan ne ake gane uwargida. Kalma ɗaya, irin su "Wai kai ba ka da wurin zuwa ne?" tana iya zama masa ciwon da ba ya warkewa. In sana'arki ce ke riƙe da cefane yanzu, ki rufa asiri, kada yara su ji gori daga bakinki. Ki nemi shawararsa kan lissafin cinikinki, ai aikin da ya iya ne. Ki ƙarfafa masa gwiwa ya shiga kwamitin masallaci ko na makarantar unguwa, ya koma ɗaukar karatu wurin malam, ya leƙa gonar gado. Zama wuri ɗaya ba ya yi wa mai hawan jini ko ciwon sukari daɗi, don haka ya riƙa takawa da ƙafa bayan asuba, ke kuma ki rage gishiri da mai a miya, ki tuna masa zuwa awon jini. Ke ma ma'aikaciya, malama ko nas, duk wannan da ke ake.

Ku kuma 'yan makaranta, ku lura da Baba. Kada ku tambaye shi kuɗin littafi gaban baƙi, ku bi ta wurin Mama tukuna. In ya ba ku waya ku karanta masa saƙo, ku yi hattara da macuta masu cewa wai daga ofishin fansho suke, a turo lambar sirri ta banki ko kuɗin fito da fayil. Ba a ba kowa lambar nan. Da yamma kuma ku kawo masa aikin gida da aka ba ku, ku zauna kusa da shi ya duba muku, ko da kun riga kun san amsar.