Tijani Babangida da Zamansa a Ƙasar Holan

Matasan unguwar Limawa da ke cika gidajen kallon ƙwallo, da yawansu ba su riski zamanin Tijani Babangida ba, wanda aka haifa a Kaduna a 1973, ya bar Niger Tornadoes ta Minna a 1991 yana ɗan saurayi, ya yi ƙaura zuwa Holan, inda Roda JC ta karɓe shi. Kasancewarsa gajere mai tsananin gudu a gefen dama, sai Ajax ta ɗauke shi a 1996 domin ya gaji Finidi George, a shekarar da Babangida ya samu lambar zinariya a gasar Olympics ta Atlanta. Amma a ganina, darajarsa ta fi bayyana a Legas a 2000, ranar da ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallaye biyu a gasar cin kofin Afirka.