Hidetaka Miyazaki: Mutumin da ya gina daula a kan shan kaye

A watan Fabrairun 2009, kamfanin FromSoftware da ke Tokyo ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Demon's Souls, wanda hatta waɗanda suka zuba kuɗinsu a cikinsa sun riga sun fid da rai da shi. Kwafi kaɗan aka sayar a makon farko a Japan. Kamfanin Sony, wanda ya ɗauki nauyin aikin, ya ƙi fitar da shi a Amurka da Turai. Shuhei Yoshida, wanda ke jagorantar sashen ƙirƙirar wasanni na Sony a wancan lokaci, ya amsa da bakinsa daga baya cewa ya yi kusan awa biyu yana buga wasan, ya ajiye shi da yaƙinin cewa aikin banza ne.

Shekara 13 bayan haka, daraktan wannan wasa ya fitar da Elden Ring, aka sayar da kwafi miliyan 12 cikin ƙasa da mako uku. Sunansa Hidetaka Miyazaki. Kada mai karatu ya rikita shi da Hayao Miyazaki, dattijon nan mai finafinan zane. Suna kawai ya haɗa su.

An haifi Miyazaki ranar 19 ga Satumba, 1974, ya kuma tashi a Shizuoka, a gidan da shi kansa ya siffanta da matsanancin talauci. Iyayensa ba su da halin saya masa littattafai, don haka ɗakin karatu na gari ya zama wurin zuwansa. Yakan ɗauko littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, ya fahimci abin da ya iya fahimta, inda kuma ya kasa sai ya dubi zane-zanen da ke ciki ya cike giɓin da tunaninsa. Wasan bidiyo kuwa ba a yarda da shi a gidan ba, sai da ya kai jami'a ya samu sarari da shi.

Ya karanta kimiyyar zamantakewa a Jami'ar Keio, daga nan ya kama aikin ofis a kamfanin Oracle na Amurka. Albashin na da kyau, kuma da shi ya taimaka wajen biyan kuɗin karatun ƙanwarsa. Da haka rayuwar za ta ci gaba, ba don wani aboki ya ba shi shawarar ya gwada wasan Ico ba, wanda Fumito Ueda ya jagoranta aka fitar a 2001. Wasa ne mai ƙarancin magana, labarin wani yaro da ke riƙe da hannun wata yarinya suna neman hanyar fita daga wata tsohuwar fada. Da Miyazaki ya gama shi, sai ya yanke shawarar barin aikinsa. Yana da shekara 29, ba shi da ƙwarewa ko ta kwana ɗaya a sana'ar, kuma kamfanoni kaɗan ne suka saurare shi. FromSoftware ya ɗauke shi a 2004, a kan albashin da bai kai na baya ba.

Ya fara da jerin wasannin Armored Core na yaƙin manyan mutum-mutumi, ya zama daraktan na huɗu a 2006. Ana cikin haka ya ji labarin wani aiki a kamfanin da ya cije, an rasa inda za a dosa da shi. Ya nemi a ba shi. Lissafinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya, mai sauƙi ne: aikin ya riga ya faɗi, don haka in dabarunsa suka ci tura babu wanda zai damu, kuma babu wanda zai tsaya masa a ka. Wanda ke ƙasa ba ya tsoron faɗuwa. Aikin nan shi ne ya zama Demon's Souls.

Abin da ya yi da shi ya saɓa wa duk inda kasuwar ta dosa a lokacin. Manyan kamfanoni na ta sauƙaƙa wasanninsu, suna sa alamar da ke nuna wa ɗan wasa inda zai bi, suna yi masa bayanin komai kamar mai koyar da yaro tafiya. Miyazaki ya cire mafi yawan wannan. A wasansa, ƙaramin abokin gaba ma kan iya kashe ka in ka yi sakaci. In ka mutu, duk dukiyar da ka tara tana zubewa a wurin da ka faɗi, a mayar da kai baya. Kana da dama guda ka koma ka kwashe ta. In ka sake mutuwa kafin ka isa, ta tafi ke nan. Mutuwa ta zama hanyar koyo: kowace faɗuwa tana nuna maka inda tarko yake, da lokacin da dodo ke ɗaga takobi, da lokacin da ya kamata ka kauce.

Sai kuma yadda 'yan wasa ke haɗuwa ta intanet, wanda a ganina shi ne mafi kyawun abin da ya ƙirƙiro. Miyazaki ya ba da labarin wata rana da dusar ƙanƙara ta sauka ba zato, motoci suka maƙale a kan wani hawa suna zamewa. Motar da ke baya ta riƙa tura ta gabanta, ta bayanta ita ma ta tura ta, har kowa ya haye. Bai samu damar tsayawa ya yi godiya ba, domin in ya tsaya zai sake maƙalewa. Ya tafi yana tunanin mutumin da ya tura shi, wanda ba zai taɓa saninsa ba. Daga nan tsarin ya samo asali. Ɗan wasa na iya rubuta gajeren saƙo a ƙasa, wani a wata nahiya ya tarar da shi, ya gargaɗe shi cewa akwai kwanton ɓauna a gaba. Yana iya kiran baƙo ya taya shi yaƙi, da an gama baƙon ya ɓace ba sallama. Akwai kuma masu rubuta saƙon ƙarya su sa mutum ya afka rami, domin ɗan Adam ba ya barin halinsa ko a duniyar wasa.

Labarin ma haka ya ba da shi, guntu-guntu, a bayanin da ke jikin takobi ko zobe, da 'yar maganar da wani baƙo ya yi a bakin wuta. Ɗan wasa ne zai haɗa sauran. Yaron ɗakin karatu na Shizuoka ya sa miliyoyin mutane karatu irin nasa.

Wasan ya yaɗu a hankali, daga baki zuwa baki. Kamfanin Atlus ya fitar da shi a Amurka a watan Oktoban 2009, ya samu karɓuwar da ta sa Sony cizon yatsa. Dark Souls ya biyo baya a 2011, sai Bloodborne a 2015, Dark Souls III a 2016, da Sekiro a 2019, wanda ya lashe kambun gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards. A tsakanin nan, a 2014, shekarar da kamfanin Kadokawa ya sayi FromSoftware, aka naɗa Miyazaki shugaban kamfanin, shekara goma kacal da shigarsa a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Bai bar aikin darakta ba.

Elden Ring ya fito ranar 25 ga Fabrairu, 2022. George R. R. Martin, marubucin littattafan da aka yi shirin Game of Thrones da su, shi ya rubuta tsohon tarihin duniyar wasan, Miyazaki da mutanensa suka gina a kai. Shi ma ya ci gwarzon shekara, kuma zuwa 2025 cinikinsa ya haura kwafi miliyan 30. A 2023 mujallar Time ta sa Miyazaki cikin mutum 100 mafi tasiri a duniya.

Duk da haka, ba a daina jayayya a kansa ba. Kusan duk sanda ya fitar da sabon wasa, sai a sake tayar da tambayar dalilin da ya sa ba ya sa zaɓin sauƙaƙawa kamar yadda sauran kamfanoni ke yi. Muhawarar ta fi zafi a kan Sekiro, inda wasu masu buƙata ta musamman suka ce an rufe musu ƙofa, tunda wasan na buƙatar saurin yatsu da ba kowane jiki ke iyawa ba. Amsar Miyazaki ba ta sauya ba: yana son kowa ya fuskanci ƙalubale iri ɗaya, domin daɗin cin nasara ya zama na gaske, kuma 'yan wasa su iya tattaunawa a kan abu guda. Yakan ƙara da cewa shi kansa ba gwani ba ne, yana mutuwa sosai a wasanninsa.

Hujjar na da ƙarfi, amma ba ta rufe bakin kowa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta rufe ba. Wanda hannunsa ke rawa da wanda hannunsa lafiya lau ba ƙalubale ɗaya suke fuskanta ba, ko da dodo ɗaya ne a gabansu. Alamu sun nuna Miyazaki ya ji wannan ƙorafi ko da bai faɗa ba. A Elden Ring, in wani dodo ya gagare ka, kana iya hawa dokinka ka nufi wani yanki, ka ƙara ƙarfi ka dawo, ko ka kira ruhohin da za su taya ka faɗa. Ya buɗe tagogi, ƙofar dai tana nan yadda take.

A 2025 an sanar cewa kamfanin A24 zai mayar da Elden Ring fim, Alex Garland ne zai ba da umarni. A shekarar ce kuma aka bayyana The Duskbloods, sabon wasan da Miyazaki ke jagoranta da kansa, wanda aka keɓe wa na'urar Nintendo Switch 2. Wasa ne da aka gina a kan 'yan wasa har takwas su shiga fage ɗaya ta intanet, su yaƙi dodanni su kuma yaƙi juna.