Noma Ya Hau Bango A Zangon Kumasi

Duk wanda ya saba shiga gidajen jama'armu a Buokrom da sauran unguwannin zango na Kumasi zai lura cewa bayan kalanda da hoton Ka'aba, yanzu akan ga zanen aikin ƙauye rataye a falo: manomi na fasa koko, mata na daka, ko 'yan mata ɗauke da itace.

Ba abin mamaki ba ne, domin Kumasi gari ne na masu zane. A Cibiyar Al'adu, wadda aka kafa a 1951, ana baje irin waɗannan zane-zane, kuma a Suame ne fitaccen mai zanen nan Kwame Akoto ya buɗe shagonsa a 1972, inda ya yaye yara da dama.

Sai dai abin da ke damunmu shi ne, ba kasafai muke ganin sana'ar da ta kawo kakanninmu ƙasar nan a cikin zanen ba. Goron Asante ne ya sa fatake suka riƙa tasowa daga Kano da jakuna, madugu na gaba, har kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da yawansu suka gangaro kudu. Yau ga 'ya'yanmu da aka haifa a zango, wasunsu ba su taɓa ganin rumbun gero ba, balle su san yadda ake ɗaure huhun goro.

Don haka muke kira ga 'yan kasuwarmu masu bin Paga da Aflao da su riƙa ba masu zane aikin da ya shafe mu. Tunda malamai da dama ba su yarda da rataye surar mai rai ba, ana iya cewa a zana gonar dawa, rumbu, garma ko huhun goro kawai.

Wajen saye kuma a shafa da yatsa: na hannu yana da kaurin fenti, bugun inji kuwa sumul yake. Idan za a yi tafiya da shi, a naɗe shi fentin na waje, kada a ninke, kuma a nisanta shi da bango mai danshi. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.