Kula da Murhun Jin Ɗumi a Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko daga arewa, sai ɗari ya tsananta da dare da kuma asuba a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da sauran garuruwan da ke kusa da tsaunukan Filato. A wannan lokaci magidanta da yawa sukan hura wuta cikin ɗaki, wasu a kasko, wasu a murhun laka ko na ƙarfe mai bututun hayaƙi. Wutar nan tana da amfani, amma in ba a kula da ita ba takan zama ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a duniya.

Zaɓen Itace

Yawancin wahalar murhu daga itace take farawa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, don haka ƙarfin wutar yakan ƙare wajen busar da shi, ɗaki ya cika da hayaƙi ba ɗumi. Da yake damina tana daɗewa a kudancin Kaduna har zuwa Oktoba, ya kamata a faskare itace da wuri, a jera shi bisa duwatsu a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Busasshen itace ba shi da nauyi, bakinsa yakan tsattsage, in an buga biyu da juna sai su yi ƙara. Kirya da marke suna daɗewa suna ci. Kada a ƙona roba ko leda ko katako mai fenti, domin hayaƙinsu guba ne.

Aibobi da Maganinsu

In hayaƙi yana dawowa cikin ɗaki, a fara duba bututu. Sau da yawa kunkunniya ce ta toshe shi, ko sheƙar tsuntsu, ko gidan zanzaro. A bari murhu ya huce sarai, sa'an nan a share bututun da tsumma ɗaure a doguwar sanda. Wajibi ne a yi haka kafin shigar ɗari, a kuma sake yi a tsakiyarsa, gama kunkunniya mai danƙo kamar kwalta tana iya kama wuta cikin bututun ta cinye rufi. Bakin bututu kuwa sai ya zarce ƙololuwar rufi kafin ya ja hayaƙi sosai.

In wuta tana mutuwa bayan an hura, to iska ce ba ta isa ba. A kwashe toka daga ƙofar iska, a fara da ƙirare, kada a cusa manyan itatuwa gaba ɗaya. Ko kusa kada a zuba fetur ko kananzir a kan garwashi.

In murhun laka ya tsage, a kwaɓa yumɓu da yashi da toka a liƙe, a bar shi ya bushe kafin a hura. Murhun ƙarfe da tsatsa ta huda sai a kai wa mai walda, ko a sake wani.

Gubar da Ba a Gani

Garwashi da gawayi suna fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. In mutanen ɗaki ɗaya suka ji haka tare, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti ba da ɓata lokaci ba. Kada a kwana da kaskon wuta a ɗakin da aka rufe ruf.

A nisanta tabarma da katifa da tufafi daga murhu da misalin ƙafa uku. A zuba toka cikin bokitin ƙarfe a ajiye nesa da danga da rumbu, domin garwashi yakan kwana da rai a cikinta. Kada a bar yara ko mai farfaɗiya su kaɗai kusa da wuta.

Ana roƙon masu unguwanni da limamai da fastoci da malaman makaranta su bayyana wa jama'arsu waɗannan gargaɗi. Rigakafi ya fi magani.