Lissafin Kayan Silin Kafin a Tafi Kasuwa

A Madachi da sauran garuruwan Rano da Kibiya bangon ɗaki na bulo ne ko na ƙasa. Allon jifsam da ake raba ɗakuna da shi a Amurka da Ingila, a nan silin ake yi da shi, tare da POP da PVC. Mai gyaran gida yakan sakar wa kafinta lissafin kayan gaba ɗaya, alhali da tef da biro shi ma zai iya, kuma ya kamata ya yi, tunda daga aljihunsa kuɗin zai fita.

A fara da awo. Allon jifsam da aka fi sayarwa ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, wato mita 1.2 da mita 2.4, yana rufe ƙafa murabba'i 32. A ninka tsawon ɗaki da faɗinsa, a raba da 32. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ba da 144, allo huɗu da rabi ke nan, sai a sayi biyar. In ɗakuna biyu ne irinsa, tara sun isa, domin rabin da ya saura a wannan zai shiga wancan. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12 allo huɗu yake ci. Mai amfani da ƙaramin allon nan na ƙafa 4 da 4 kuwa da 16 zai raba, tara ke nan a ɗakin farko.

Tsohon ɗaki, musamman ginin ƙasa, da wuya ya zo daidai kusurwa da kusurwa. Wani bangon yakan fi ɗan'uwansa da inci uku ko huɗu. Don haka a auna bango huɗun duka, a yi lissafi da mafi tsawo, sannan a zana ɗakin a takarda a ga yadda allunan za su kwanta. Zanen ne zai nuna guntun da zai yi amfani da wanda zai tafi bola. Bayan haka a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da karyewa. Jifsam ba ya jure girgizar hanya, kuma wanda allo ɗaya ya gaza masa a Madachi, kuɗin motar komawa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano zai iya fin kuɗin allon.

Katakon da zai riƙe silin ne ke cin kuɗin da mutane ba su zata ba. Idan za a jera tubaitu mai ƙafa 12 a tazarar ƙafa biyu-biyu, tsaye da kwance, ɗaki mai 12 da 12 zai ci guda 14, ban da waɗanda za a rataye su da shi daga kan rufi. Allo mai kaurin milimita 12 nauyinsa ya doshi kilo 25, saboda haka rage katako don tsimi shi ke sa silin ya yi ciki. A kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a zaɓi busasshe miƙaƙƙe, a kuma sa kuɗin maganin gara cikin lissafi. Ƙusoshin sukuru a ƙiyasta 30 zuwa 36 ga kowane allo, sai tef da garin shafe mahaɗa, da fenti.

Abu biyu sun riga duk wannan lissafi. Na farko yoyo. Jifsam da POP ba sa shiri da ruwa, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya yi musu taswira ko ya zubo da su, don haka a gyara kwano tukun, a kuma gama jan wayar lantarki kafin a rufe. Na biyu tsohon silin da za a cire. Da yawa daga cikin na gidajen da na asbestos ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo kansa. A jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum ba tare da farfasawa ba, a toshe hanci, yara su yi nisa.

Farashi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A kira 'yan kasuwa biyu ko uku a ranar da za a tafi, kuma a nemi kafinta ya rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aikinsa daban.