Gurnani da Zamewar Tasha a Akwatin Rediyo Haɗin Hannu

Tun da BBC ta buɗe Sashen Hausa a 1957, Jamus ta bi sahu a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979, gajeren zango ya zama abokin hirar mutanen ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, har akan sami ma'abota hikima masu tsinto kayan matattun akwatuna wurin masu gyara su harhaɗa nasu. Sai dai irin wannan akwati illoli biyu ke addabarsa, wato gurnani da zamewar tasha, kuma wanda bai rarrabe sababin kowace ba, wahalarsa ta banza ce.

Gurnani galibi daga wuta yake, domin lantarkin ƙasar nan yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma kwandansar da aka ɗora wa alhakin tace shi, idan zafin bazara ya busar da ita, sai kaɗawar ta ratsa har cikin lasifika. Hujjar mai sauƙi ce: a zare wuta a sa batir. In ƙarar ta ɗauke, to, a duba kwandansar, wadda sau da yawa akan tarar kanta ya kumbura, a sauya ta, a kuma nisanta taransifoma daga wayoyin murya.

Mas'alar zamewa ta fi buƙatar haƙuri. Naɗin wayar da ke tsayar da zango yana buɗewa idan ya ji ɗumi, saboda haka tashar da aka kama a mita 19 sai ta riƙa sulalewa alhali ba wanda ya taɓa allura. Maganinta a ɗaure naɗin tamau, a raba shi da duk abin da ke zafi, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga faifan kamun tasha, a sabunta batir in ya yi sanyi, sannan a bar akwatin ya ɗumama kafin a daidaita shi. Amma muryar da ke dusashewa ta dawo a wuri guda, wannan halin sararin samaniya ne, ba laifin akwati ba.

Wajibi ne kuma mai liƙi da dalma ya wanke hannu kafin cin abinci, ya hana yara wasa da ɓurɓushinta, domin mutanen Anka da Bukkuyum sun ga ta'adin gubarta a 2010.